Tambayoyi da Amsoshi Game da Ƙasar Maldives: Tsibiranta, Mutanenta da Yadda Ake Zuwa

Yawancin waɗanda suka san sunan Maldives sun san shi ne ta hotunan ɗakunan katako da aka kafa a kan ruwa mai launin shuɗi, inda attajirai da sababbin ma'aurata ke zuwa hutu. Hotunan gaskiya ne, amma wani yanki ne kaɗan na ƙasar, domin a gefen waɗannan wuraren shaƙatawa akwai al'ummar Musulmi masunta mai harshenta da rubutunta da tarihin sarauta na sama da shekara ɗari takwas. Amsoshin da ke biye sun shafi ɓangarorin biyu.

A ina Maldives take, kuma yaya girmanta yake?

Maldives tana cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Sri Lanka. Tarin tsibirai ce kimanin 1,190 waɗanda suka jeru daga arewa zuwa kudu a tsawon fiye da kilomita 800, har ƙarshen jerin ya tsallaka layin da ya raba duniya biyu. Duk da wannan tsawo, idan aka haɗa busasshiyar ƙasarta baki ɗaya ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba, shi ya sa ita ce mafi ƙanƙanta a nahiyar Asiya. Tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune a kansu ba su kai 200 ba, wasu fiye da 160 kuma an mai da su wuraren shaƙatawa, sauran ko dai ana noma da ƙananan masana'antu a kansu, ko kuma babu kowa sai bishiyoyin kwakwa da tsuntsaye.

Babban birnin shi ne Malé, wanda yake kan tsibirin da faɗinsa bai fi murabba'in kilomita biyu ba, mutum na iya kewaye shi da ƙafa cikin sa'a guda da 'yan mintoci. Agogon ƙasar yana gaban na Nijeriya da Nijar da sa'a huɗu.

Me ya sa tsibiran suke a zagaye kamar zobe?

Domin murjani ne ya gina su. Murjani wata ƙaramar halitta ce ta cikin teku da ke yi wa kanta gida mai tauri irin na farar ƙasa, idan ta mutu wata ta yi gini a kan nata, har a tsawon dubban shekaru ya zama katanga a ƙarƙashin ruwa. A nan katangun sun tashi ne a kan wani dogon tsauni da ya nutse a teku, suka fito a zagaye, tsakiyarsu ruwa ne marar zurfi sosai, bakinsu kuma yashi da ɓaraguzan murjani suka taru suka zama tsibirai. Irin wannan zobe mutanen ƙasar suna kiransa atolu, kuma daga bakinsu Turawa suka ari kalmarsu ta atoll. Akwai irinsa 26 a ƙasar, ko da yake gwamnati ta sake raba su gida 20 saboda sauƙin mulki.

Wannan asali shi ya sa babu dutse ko tudu ko kogi a ƙasar. Yashin bakin ruwan fari ne fat domin garin murjani ne, kuma ƙasar noma ba ta da ƙarfi, don haka shinkafa da fulawa da sukari da galibin kayan lambu daga waje ake shigo da su. Tsibirin Fuvahmulah da ke kudu ya ɗan bambanta, yana da tafkuna biyu na ruwan daɗi, ana kuma noma gwaza da mangwaro a cikinsa.

Da gaske ne teku na iya cinye ƙasar?

Barazanar ta gaske ce. Matsakaicin tsayin ƙasar a kan teku kusan mita ɗaya da rabi ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nata bai kai mita guda ba, babu wata ƙasa a duniya da ta kai ta zama ƙasa-ƙasa. A 1987 manyan igiyoyin ruwa suka shiga Malé, abin da ya sa daga baya aka kewaye birnin da katangar kankare da taimakon Japan. Ranar 26 ga Disamba, 2004, igiyar tsunami ta bi ta kan tsibirai da yawa daga wannan gefe zuwa wancan, mutane sama da 80 suka rasu, wasu kuma ba a sake ganinsu ba, aka kwashe mazauna wasu tsibiran gaba ɗaya. A Oktoban 2009 shugaba Mohamed Nasheed ya yi zaman majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa, kowa sanye da kayan nutso, don jawo hankalin duniya kan ɗumamar yanayi.

Sai dai ba wai ana sa ran a wayi gari a ga ƙasar ta ɓace ba ne. Abin da ke faruwa a hankali shi ne zaizayar gaɓa, da shigar gishiri cikin ruwan rijiyoyi, da mutuwar murjani idan ruwan teku ya yi zafi, kamar yadda aka gani a 1998 da 2016. Murjanin nan kuwa shi ne katangar da ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso gari. Martanin gwamnati shi ne cike teku da yashi a yi sabuwar ƙasa: tun 1997 aka fara gina tsibirin Hulhumalé kusa da babban birni, aka ɗaga shi kimanin mita biyu, mutane suka fara tarewa a 2004. Masu kare muhalli suna ƙorafin cewa yashen da ake yi yana kashe murjanin da ake buƙata, kuma ƙorafin nasu yana da hujja.

Su wane ne mutanen ƙasar, kuma wane harshe suke yi?

Ƙidayar 2022 ta nuna mutum dubu 515 da 'yan kai, daga ciki kimanin dubu 382 ne 'yan ƙasa, sauran baƙi ne ma'aikata, galibi daga Bangladesh da Indiya da Sri Lanka da Nepal. Kusan mutum huɗu cikin goma suna zaune ne a Malé da kewayenta, shi ya sa birnin yake cikin mafi cunkoso a duniya, gidaje na hawa bisa, babura kuma sun cika tituna.

'Yan ƙasar suna kiran kansu Dhivehin, harshensu kuma Dhivehi, ɗan'uwan harshen Sinhala na Sri Lanka ne, ya kuma ari kalmomi da yawa daga Larabci da Farisanci. Rubutunsu, Thaana, daga dama ake fara shi zuwa hagu kamar ajami, kuma wanda ya san lambobin Larabci zai yi mamaki idan ya dube shi, domin baƙaƙe tara na farko daga siffar lambobi ɗaya zuwa tara aka ɗauko su, wasulan kuma ana ɗora su sama da ƙasa kamar fataha da kisira. Kasancewar tsibiran a kan hanyar jiragen fatake, jinin Larabawa da na mutanen kudancin Indiya da na gabashin Afirka duk ya gauraya a cikinsu. Kiɗan gangarsu da ake kira boduberu, wato babbar ganga, ana danganta asalinsa da Afirka. Turanci ya wadatar da baƙo a kusan ko'ina, domin da shi ake karantarwa a makarantu.

Yaushe Musulunci ya shiga, kuma yaya matsayinsa yake a yau?

Kafin Musulunci mutanen suna bin addinin Buddha ne. A 1153 sarkin ƙasar ya musulunta, jama'a suka bi shi, daga nan aka shiga zamanin sarakunan Musulunci da ya kai har 1968. Ruwayar da ta fi shahara ta ce wani malami mahaddacin Alƙur'ani daga yankin Magrib na arewacin Afirka, Abul Barakat Yusuf al-Barbari, shi ne sanadi, ko da yake wasu ruwayoyin cikin gida sun ce mutumin Tabriz ne ta ƙasar Farisa. Kabarin da ake danganta masa yana Malé, daura da tsohon masallacin Juma'a da ake kira Hukuru Miskiy, wanda aka gina a wajajen 1658 da sassaƙaƙƙen dutsen murjani. Matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a Malé a wajajen 1343 zuwa 1344, har aka naɗa shi alƙali, kuma ya tarar da mutanen a kan mazhabar Malikiyya. Daga baya ne suka koma Shafi'iyya, wadda suke kanta har yau, don haka wanda ya bi liman a can zai ji ana bayyana Bisimilla a Fatiha, ana kuma yin alƙunutun Asuba a bayyane bayan ruku'u.

Tsarin mulkin 2008 ya tanadi cewa Musulunci ne addinin ƙasa, kuma wanda ba Musulmi ba ba zai zama ɗan ƙasa ba. Ranakun hutun mako Juma'a ne da Asabar, shaguna a garuruwa sukan rufe na ɗan lokaci idan an kira salla, a watan azumi kuma gidajen abinci na cikin gari ba sa buɗewa da rana. Abu guda da Bahaushe zai kiyaye: alƙibla a can arewa maso yamma take, saboda haka wanda ya saba cewa zai fuskanci gabas sai ya tambaya kafin ya tayar da kabbara.

Akwai wata alaƙa tsakanin Maldives da ƙasar Hausa?

Akwai, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Wuri, wato ɓawon ƙananan dodon-koɗin teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, mafi ingancinsa daga waɗannan tsibirai yake fitowa. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, ƙananan dodon-koɗin su manne a jiki, sai a jawo a shanya a kan yashi har naman ya bushe a wanke ɓawon. Ibn Battuta, wanda ya ga abin a tushensa, ya ce a Maldives ana ba da wuri dubu ɗari huɗu a kan dinari guda na zinariya, da ya zo Mali da Gao kimanin shekara goma bayan haka kuwa sai ya tarar 1,150 ne kacal ake bayarwa a kan dinari. Wannan tazara ita ce ribar da ta sa fatake suka yi ta jigilarsa, da farko ta Masar da hamada, daga baya kuma a jiragen Turawan Holan da Ingila, waɗanda suka riƙa kai shi Turai sannan su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ana ƙirga shi hauya-hauya, wato ashirin-ashirin, ana ɗinke dubu ashirin a keso guda, kuma har yau idan kuɗi suka yi yawa ana cewa wuri na gugar wuri. Darajarsa ta faɗi ne a ƙarni na 19, lokacin da 'yan kasuwar Jamus suka cika kasuwanni da wani nau'in mai araha daga yankin Zanzibar.

Alaƙa ta biyu ta kusa ce. Maumoon Abdul Gayoom, wanda ya mulki ƙasar daga 1978 zuwa 2008, bayan ya gama karatu a Azhar ya koyar da ilimin addinin Musulunci a Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano, a lokacin tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1969 zuwa 1971.

Turawa sun mulke ta?

Turawan Fotugal sun riƙe Malé daga 1558 zuwa 1573, kafin Muhammad Thakurufaanu ya kore su, shi ya sa ake ɗaukarsa gwarzon ƙasa. A 1887 ƙasar ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, amma sarakuna suka ci gaba da tafiyar da harkokin cikin gida. Ta sami 'yanci ranar 26 ga Yuli, 1965, ta zama jamhuriya ranar 11 ga Nuwamba, 1968. Shugaba Mohamed Muizzu ya hau mulki a Nuwamban 2023.

Ana buƙatar biza kafin a tafi?

Mai zuwa yawon buɗe ido ba ya neman biza tun daga gida, ana buga masa ta kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma wannan ya haɗa da masu fasfon Nijeriya da Nijar da Ghana. Kyautar tana da sharuɗɗa: fasfo mai sauran wa'adi, tikitin komawa, shaidar an kama masauki a wurin da ke da rajista, da kuɗin da zai ishi mutum zamansa. Ana kuma cike takardar bayanin matafiyi a shafin intanet na hukumar shige da fice mai suna IMUGA cikin sa'o'i 96 kafin isowa, ba a biyan ko sisi a kanta. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, kamar yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma, wajibi ne ya riƙe katin rigakafinsa. Jami'in da ke bakin ƙofa yana da ikon mayar da wanda bayanansa ba su gamsar ba, saboda haka ya kyautu a buga takardun a riƙe a hannu.

Wannan biza ba ta aiki ba ce. Aiki a can sai kamfani ya nema wa mutum izini tun kafin ya taso, kuma duk dillalin da ya ce a tafi da bizar yawo za a gyara daga baya, a yi hattara da shi.

Ta wace hanya ake zuwa, kuma yaya ake isa masauki?

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma. Ana canja jirgi ne a Dubai ko Doha ko Istanbul, daga Dubai tafiyar sa'a huɗu ce da ɗan ɗori. Ana sauka a filin jirgin Velana da ke tsibirin Hulhulé, wanda gadar Sinamalé, da aka buɗe a 2018 da kuɗin China, ta haɗa shi da Malé.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi, domin sauka a Velana rabin tafiya ne. Masaukin da ke kusa ana zuwa da ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, na nesa kuwa sai jirgin sama mai sauka a kan ruwa, ko jirgin cikin gida zuwa wani ƙaramin fili sannan a ƙarasa ta ruwa. Jirgin mai sauka a ruwa da rana kawai yake tashi, wanda ya iso da yamma liƙis zai kwana a Hulhumalé, kuma kuɗin zuwa da dawowarsa yakan kai ɗaruruwan daloli a kan mutum guda, sau da yawa ba ya cikin farashin ɗaki da aka gani a intanet. Mafi araha shi ne jirgin fito na gwamnati, wanda 'yan daloli kaɗan ake biya, sai dai yana da nawa, ba kullum yake zuwa kowane tsibiri ba, galibinsu kuma ba sa aiki ranar Juma'a. Ya kamata a tambayi masauki yadda za a iso da nawa za a biya kafin a sayi tikitin jirgi.

Sai mai kuɗi ne zai iya zuwa?

A da haka ne. Tun da aka buɗe wurin shaƙatawa na farko, Kurumba, a 1972, tsarin shi ne otal guda a tsibiri guda, baƙi a ware, 'yan ƙasa a ware. A wajajen 2009 aka sassauta doka aka yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune, tsibirin Maafushi ya zama na gaba a wannan harka, wasu irin su Thulusdhoo da Dhigurah da Ukulhas suka biyo baya. Ɗaki a irin waɗannan wurare yakan kama daga dala hamsin zuwa ɗari a kwana, alhali a manyan wuraren shaƙatawa ɗaruruwa ake magana, wani lokaci dubbai. Ga iyalin da ke son masallaci kusa, da abincin da babu shakka a kansa, da wurin da ba a sayar da giya, tsibirin jama'a ya fi dacewa nesa ba kusa ba, kuma tekun dai ɗaya ne.

Kuɗin ƙasar rufiyaa ne, farashin hukuma kusan 15.4 a kan dala guda, amma ana karɓar dala a harkar baƙi, sai dai a guji tsofaffin takardu ko yagaggu. A riƙa duba ko farashi ya haɗa da haraji, domin ana ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya kai kashi 17 tun Yulin 2025, da harajin muhalli da ake biya a kan kowane mutum kowace kwana.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Zafi ba ya canjawa sosai, yana tsakanin digiri 25 da 31 duk shekara, da gumi mai yawa. Iska ce ke raba lokuta biyu. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, wadda suke kira iruvai, sama tana washewa, teku yana lafawa, farashi kuma yana hawa. Daga Mayu zuwa Nuwamba lokacin hulhangu ne, wato iskar kudu maso yamma, akwai ruwan sama da igiya, kuɗin ɗaki yana sauka. Mai jin jiri a jirgin ruwa ya fi kyau ya zaɓi Fabrairu ko Maris. Mai son ganin manyan kifayen nan masu fukafukai da ke taruwa a tekun Hanifaru, cikin yankin tsibiran Baa da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2011, lokacin damina ne nasa.

Me ake ci?

Kifin tuna da kwakwa da shinkafa. Karin kumallon da aka fi sani shi ne mas huni, wato dakakken busasshen tuna da aka cuɗa da gogaggiyar kwakwa da albasa da barkono da lemun tsami, ana ci da wata siririyar gurasa mai suna roshi. Garudhiya romon kifi ne tsararo da ake zubawa a kan shinkafa, idan kuma aka ci gaba da dafa shi har ya yi kauri ya yi baƙi sai ya zama rihaakuru, wanda yake musu kamar yadda daddawa take mana. Da la'asar ana shan baƙin shayi da ƙananan soye-soye da ake kira hedhikaa. Masuntan ƙasar da sanda da ƙugiya suke kama tuna, ɗaya bayan ɗaya, daga jirgin da suke kira dhoni, doka ta hana kama shi da manyan komaye. A tsibiran jama'a abinci halal ne, a wuraren shaƙatawa kuwa ana ajiye naman alade da giya saboda baƙi, don haka a tambayi ma'aikata.

Me aka hana shigowa da shi, kuma yaya batun sutura?

An hana shigo da giya, da naman alade, da gumakan bauta, da hotunan batsa, da miyagun ƙwayoyi waɗanda hukuncinsu yake da tsanani ƙwarai. Tun ƙarshen 2024 an haramta tabar lantarki ita ma. Mai shan magani ya riƙe takardar likita. Wajen fita kuma ba a ɗaukar murjani ko ƙoƙon kunkuru. A tsibiran jama'a ana son sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, an kuma keɓe wa baƙi masu kayan iyo wani yanki na gaɓa. Matan ƙasar da yawa da hijabinsu suke shiga ruwa, saboda haka mace mai cikakkiyar sutura ba za ta ji ta fita daban ba.

Yaya batun lafiya da tsaro?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015 cewa babu zazzaɓin cizon sauro a ƙasar, amma akwai zazzaɓin dengi wanda shi ma sauro ke kawowa, musamman da damina. Ruwan famfo galibi na teku ne da aka tace. Manyan asibitoci suna Malé da Hulhumalé, ƙananan tsibirai kuwa ɗakin shan magani ne kawai, kuma kwaso marar lafiya daga nesa yana da tsada, shi ya sa inshorar tafiya take da amfani. Sata da fashi ba su dami baƙi sosai ba, haɗarin da ya fi yawa na ruwa ne. A mashigin da ke tsakanin tsibirai ruwa yana gudu da ƙarfi ko da samansa ya yi lumui, kuma gaɓar da ta kai gwiwa tana iya yankewa ta zama rami mai zurfi a taku kaɗan. Wanda bai iya iyo ba ya sa rigar kariya duk lokacin da zai shiga, ya kuma tambayi mutanen tsibirin inda suke barin 'ya'yansu su yi wanka.